Ciwon Cikin da Ya Hau Kai

Ƙanwata tana da wata huɗu a duniya aka sa mata bututu a kai, domin an haife ta da larurar taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana samar da ruwa kimanin rabin lita kowace rana, kuma dole ne ya sami mafita. Bututun, wanda likitoci ke kira shant, yana tasowa daga kogon ƙwaƙwalwa, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji, ya zube ruwan a kogon ciki, inda tantanin da ya lulluɓe hanji ke tsotse shi. Irin bawul ɗin da ke daidaita gudun ruwan, wani Ba'amurke mai suna John Holter ne ya ƙera shi a shekarun 1950, saboda ɗansa da ya yi fama da wannan larura.

Shekara talatin muna tsaron kanta. Ko zazzaɓi ya kama ta, goshinta muke fara dubawa. Cikinta kuwa ba mu taɓa kawo shi a lissafi ba.

Bayan Babbar Sallah ta fara kukan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman idan ta ci maiƙo. Ni na ce gyambon ciki ne, ni kuma na sayo mata magani. A kwana na biyar sai ciwon kai da amai da barci mai nauyi. Ta dube ni da kyar ta ce, "Yaya, ina ganin ka biyu."

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ruwa ya taru, amma bututun bai karye ba, bai goce ba. Sai wata likita ta danna cikinta, ta sa aka yi hotonsa. Tsakuwa ce ta toshe bakin matsarmama, ta kumbura. Kumburin ya taɓa tantanin ciki, ya rage tsotsar ruwa, nama kuma ya manne a bakin bututun. Kwata ce aka toshe daga waje, ruwa ya koma cikin gida. Abin da ya fi tayar wa likitocin hankali shi ne kada ƙwayoyin cuta su bi bututun su haura zuwa ƙwaƙwalwa.

Suka zaro ƙarshen bututun, ruwan ya riƙa zuba a jaka. Suka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, suka cire matsarmamar, bayan makonni suka sa mata sabon bututu. Ta tashi, alhamdu lillahi.

Har yau kwana biyar ɗin nan suna damuna. Bututu baki biyu gare shi, mu kuwa ɗaya muka tsare. Idan kuna da mai shant a gida, ku sanar da duk likitan da zai duba shi, ko da ciwon ciki ne ya kai ku. Idan kuwa ciwon kai ko amai ko yawan barci ya biyo baya, kada ku jira gari ya waye.