Garaken Timiya da saran rumman da muka ɗauko

Tun muna yara a makarantar allo ta zauren mahaifinmu muke jin sunan rumman, wanda ambatonsa ya zo sau uku a cikin Alƙur'ani mai girma. Amma ba mu taɓa ganin sa a jikin iccensa ba, sai da Allah ya nufe mu da zuwa Timiya, cikin duwatsun Abzin, a lokacin ɗari, yau shekara huɗu ke nan.

Daga Agadas tafiyar ta haura kilomita 200, arewa maso gabas. Hanya ce ta duwatsu da rairayin busassun ƙoramu. Wuni guda cur muka yi a mota, babu abin gani sai baƙin dutse. Da la'asar sakaliya muka gangara wani kwari, sai ga dabino jere, kore shar, a ƙarƙashinsa kuma itatuwan lemu sun sunkuya da ƴaƴa. Kowa a motar ya yi shiru, sai tasbihi.

Wani dattijo Ba'abzine ne ya sauke mu a garkarsa, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau, gadon fataken ayari. Muka ga lemu, da ɓaure, da ragowar rumman na ƙarshen kaka, da fangalin alkama, albasa da tafarnuwa. Ruwan kuwa ba zaune yake a sarari ba. Daga rijiya ake fiddo shi: raƙumi ya ja igiya, wasaki ya taso ya juye, ruwan ya bi ƴan hanyoyi zuwa gindin kowane icce, yaro yana buɗe nan yana toshe can, tun hantsi har azahar. Suna kiran wannan dabara takarkart. Garake da yawa yanzu sun koma ga injin jan ruwa, dattijon kuwa bai yarda da shi ba ƙwarai, ya ce inji ba ya gajiya, rijiya ce ke gajiya.

Muka tarar da wata rumfa, busassun rassa sun nannaɗe ta, ba ganye ko ɗaya. Muka ce: "Baba, wannan ai ya mutu." Ya yi dariya ya ce: "Malam, inabi ne, barci yake yi. Sanyin dutse ke kwantar da shi, in zafi ya shigo ya farka da ƴaƴa." A lokacin ba mu ba maganar nauyinta ba. Muka roƙi sara, ya yanko mana na rumman shida, na inabi huɗu, kowane kamar tsawon kamu ɗaya, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Lemu kam ya hana mu shuka ƙwallonsa, ya ce mu nemi mai aure, in ba haka ba mu yi ta jira shekara da shekaru.

Gidanmu a Damagaram yake, inda kowa ya san tsadar ruwa. Uwargida ta fara da ƙorafi, kuma da gaskiyarta: garwar da za a ba icce, ta girki ce. Muka sasanta a kan ruwan alwala da na wankin shinkafa, aka aje bokiti a gefen shirayi domin tara su.

Inabin bai yi mana daɗi ba. Gara ta cinye biyu, zafin watan Afrilu ya ƙone ɗaya. Na huɗun yana nan, ya hau rumfa, ya ba mu inuwa, amma bai samu sanyin da zai yi barci ba, har yau ko ƙwaya.

Rumman kuwa huɗu suka kama. A shekara ta uku suka yi jan fure, suka ɗaura ƴaƴa, sai dai rabinsu suka tsattsage tun ba su nuna ba. Laifinmu ne: mu bar icce da ƙishi kwana goma, sa'an nan mu malale shi da ruwa rana ɗaya, cikin ya kumbura, ɓawon ya fashe. Bana mun raba wa yara aikin, kowa da ranarsa, ƙaramin bokiti ɗaya bayan sallar magariba. Na farko da ya nuna lafiya lau, mahaifinmu muka kai wa. Ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya ce a kawo wuƙa.