Hoton da Baba Ke Ɓoyewa a Aljihu

Ku matso kusa, wannan tsakaninmu ce. Daren Asabar a fadarmu ta Koira Kano, shayi na biyu yana kan gawayi, fararen kat-kat na ma'aikatan jakadanci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai Baba bakanike ya zaro wani hoto daga aljihun gaba. Gefensa duk ya cinye. Shi ne yana saurayi a Agadas, a jingine da wata 'yar Peugeot ruwan ɗorawa, ƙura har gira.

"Yarana, kun san wannan?"

Muka ce 205 ce mana, irin wadda ake shigowa da ita ta Kwatano.

Ya girgiza kai. "Riga kawai ta aro. Ku buɗe gabanta, ba za ku tarar da inji ba. Yana bayan direba, ƙafa huɗu kuma duk suna ja."

Daga nan ya warware mana zare. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa sharaɗi ga wani rukunin motocin tsere da ake kira rukunin B: kamfani ba zai shiga da mota ba sai ya ƙera guda 200 irinta na hawa titi, waɗanda kowa zai iya saye. Peugeot ta ƙera ɗari biyun, ta ɗora musu fuskar 205 don mai kallo ya ce ai tawa ce. Motocin rukunin suka yi ƙarfi fiye da kima. A watan Mayun 1986 direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka ƙone cikin motar Lancia a tsibirin Korsika, aka soke rukunin a ƙarshen shekarar. Da aka rufe wa Peugeot wannan ƙofa sai ta nufo sahara, direbanta Ari Vatanen ya ci tseren Paris-Dakar na 1987 da 205 Turbo 16. Wato doka da aka yanke a Turai ce ta koro motar nan har yashin Tenere.

Ni dai abin da na riska shi ne tseren Dakar na 2000, da aka ce akwai barazana a arewa, aka kwashe motocin daga Yamai zuwa Libiya cikin manyan jiragen Antonov. Muna yara muka yi ta ɗaga kai.

Can Baba ya sassauta murya. Ya ce shekara uku yana tara kuɗi a gwangwani don ya shiga tseren, ko iyalinsa bai gaya wa ba. Yana tsammanin permin tuƙi ya isa. Ashe sai lasisin tsere na ƙasa da ƙasa ta hannun ƙungiyar da FIA ta amince da ita, da takardar likita, da mota mai kejin ƙarfe a ciki, ga kuɗin shiga da ya fi gidan mahaifinsa tsada. Wallahi ya ba ni tausayi. Mutumin da ke tada 504 da ta mutu a tsakiyar yashi da waya da tsinken ashana, mai gane hanyar Bilma da taurari, nasa rabon wankin motar baƙi ne.

"Na taɓa sitiyarinta dai," in ji shi. "Sau ɗaya, da asuba, masu ita suna barci."

Ya goge hoton da bakin riga, ya mayar aljihu, ya miƙo kofi a zuba masa na uku.