Hannu Ya Kai, Baki Bai Ɗanɗana Ba

A shekarar 1897 labari ya iske mai zanen nan Bafaranshe, Pol Gogan, a tsibirin Tahiti, cewa 'yarsa ta rasu. Ga ciwo, ga bashi ya yi masa katutu. Cikin wannan hali ya shimfiɗa algarara mai tsawon kusan mita 4, ya yi zanen da ke birnin Boston a yau, sa'an nan ya rubuta tambayoyi uku a kusurwarsa, game da mafarin ɗan Adam, da ainihinsa, da makomarsa.

Daga dama ake karanta zanen, tamkar ajami. Jariri ne farko, yana barci kusa da mata uku. A ƙarshen hagu kuwa tsohuwa ce ta yi tagumi tana jiran ajali. Amma wanda ya fi kama ido shi ne na tsakiya, da ya miƙe yana tsinkar ɗan itace. Jikin na mutanen Tahiti ne, labarin kuwa na Adamu da Hauwa'u ne, watau daidai lokacin da hannu ya kai, baki bai ɗanɗana ba. Gogan bai zana fita daga Aljanna ba. Kusa da ƙafar mai tsinkar dai ga wani yaro zaune, ya riga ya kai nasa baki.