Ruwan Timiya da abin da wani tsoho ya koya mana

Yau ba maganar siyasa muka zo da ita ba, ba kuma ta tsadar buhun hatsi ba. Labarin wata ƴar tafiya ce ta ƙafa, kilomita 3 kacal, wadda har yau ba ta fita daga ranmu ba.

Mu da muka yi lakwal, tun muna kwaleji muka hardace kogunan Faransa kamar karatun allo: Sen, Luwar, Ron, Garon. Mushe ya zana mana taswirar Nijar ma, ya ɗiga alli can arewa ya ce nan ne duwatsun Abzin. Muka rubuta, muka ci jarrabawa, shi ke nan. Sai da muka haura shekara 30, aikin rediyo ya kai mu Agadas a ƙarshen wata damina, sannan muka gani da idonmu cewa a ƙasar nan tamu akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Timiya ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsu, wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Babu gudron. Mu huɗu cikin kat-kat, muka tashi bayan sallar asuba, muka bi ta Elmeki, ba mu isa ba sai la'asar sakaliya, ƙugu duk ya mutu. Amma da muka gangaro muka hango garin, sai kowa ya yi shiru. Baƙin dutse ta ko'ina, a tsakiya kuma kore shar: dabino, lemu, rumman, inabi. A kan tudu ga tsohon barikin da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, yana kallon gari.

Washegari mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo ya raka mu kaskad, kamar yadda direbobi ke ce wa magangarar ruwan. Hausa ce a bakinsa rangaɗau. Muka tambaye shi ina ya koya, ya yi dariya ya ce ai ƙuruciyarsa duk a ayari ya yi ta. Mutanen Timiya su ne ke ratsa Tenere da raƙuma su ɗauko gishiri da dabino a Bilma, sannan su yo kudu, Damargu da ƙasar Hausa, su sayar su auni gero. Kantun gishirin da iyayenmu ke saya wa dabbobi a kasuwa, wataƙila wani daga hannunsa ya fito.

Hanyar ba ta da wuya, wallahi ko yaro zai iya. Cikin ƙorama ake bi, abin da ake ce wa kori, yashi ne mai laushi, garake dama da hagu. Nan ka ji ƙarar injin ban ruwa, can ka ga raƙumi na jan guga a rijiya irin ta dā. Wata mata ta miƙo mana rumman ta kan shinge, ko dala ba ta karɓa ba. Cikin awa guda muka isa. Ruwa ne ke sulalowa ta wata tsaga a jikin baƙin dutse, ya faɗa cikin wani tafki mai sanyi, irin wanda Abzinawa ke kira agalmam. Muka tuɓe takalma, muka shimfiɗa tabarma a kan yashi, aka ɗora shayi.

Ba mu kai ga shan na biyu ba dattijon ya miƙe yana duban arewa. Ya ce: “Yarana, ku tashi mu hau bisa.” Mu kuwa rana ce tsaka a kanmu, ko ɗigon ruwa babu. Mai haɗa mana sauti ya ce: “Haba Baba, ai hadarin nan yana da nisa, mu ƙarasa shayin mana.” Mu ma, gaskiya, haka muka gani. Mun saba karanta hasashen yanayi a rediyo, muna jin mun san ruwa. Tsohon bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce: “Ruwan da zai ci ku ba nan yake sauka ba.” Kunya ce kawai ta sa muka bi shi, ba yarda ba.

Ba a yi rabin awa ba muka ji wata ƙara kamar kamyo na tahowa. Sai ga ruwa ja wur, ya cika ƙoramar baki da baki, yana tafe da itatuwa da duwatsu. Tabarmarmu da butar shayi, ko alamarsu ba mu sake gani ba. Daga baya ya yi mana bayani: dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa. In an yi ruwa can sama, duk sai ya tattaru ya biyo hanya ɗaya, ya iske mutum yana zaune ƙarƙashin rana. Sai bayan magariba ruwan ya ja, muka koma gari ta gefen dutse, kowa bakinsa a rufe.

A hanya ne ya gaya mana abin da ya fi ci masa rai. Dā Turawa na zuwa ayari-ayari, yara na samun aikin rakiya, maƙera na sayar da kayan azurfa. Tun tawayen 2007 abin ya ja baya, rashin tsaron da ya biyo kuma ya ƙarasa shi. Ya ce: “To ku fa? Ku da ƙasar taku ce, me ya hana ku zuwa?” Ba mu da amsa. Muna tara jikkuna mu tafi Kwatano mu ɗauki hoto bakin teku, amma Timiya sai a taswira.

Ba mu ce kowa ya ɗauki jaka gobe ya kama hanya ba. A tambayi hukuma da mutanen yankin halin da hanya ke ciki tukuna. In Allah ya nufa kun je, ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku biya shi haƙƙinsa da daɗin rai. Lokacin damina kada ku yi zango ko ku ajiye mota cikin kori, ko da sama ta yi garau. Ledar ruwa da gwangwani ku dawo da abinku, dabbobin mutane na sha a wurin. Wannan gargaɗin na kori kuma ba na Abzin kaɗai ba ne, mutanen Maraɗi da ke gefen Gulbi sun san haka.

Mun tafi da na'urar ɗaukar murya don mu yi wa mutane tambayoyi, sai ga shi ranmu ne wani tsoho da bai taɓa zama a aji ba ya tsirar. Allah ya saka masa da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, hanyoyi su buɗe ƴaƴanmu su ga abin da mu muka makara ba mu gani ba. Amin.