Cinikin Kangaye A Izom: Ƙasa Ake Saye, Ba Bango Ba

Matafiyin da ya bar Suleja ya nufi Minna, kafin ya kai Lambata sai ya ratsa Izom, garin da ke bakin kogin Gurara. Can na yada zango da daminar bana, na tarar da wani ciniki da ya kamata jama'a su san kansa, watau cinikin kangaye.

Tun 1976 da aka zaɓi Abuja, balle 1991 da gwamnati ta tare a cikinta, ƙasar Suleja ta yi daraja. Wanda tsadar haya ta kora daga birni sai ya gangaro garuruwan bakin hanya, har rusasshen gida ma ya sami mai tayawa.

Wani dillali ya kai ni gida biyu. Na farko ginin ƙasa ne, soro ya rufta, katanga ta tsage, gara ta cinye azara. Lissafinsa ba wuya. A ɗauki kuɗin fili fayau a unguwar, a cire ladan masu rushewa da na kwashe ɓaraguzai, sa'an nan a ƙara ɗan abin da za a tsira da shi, kamar kwanon rufi da ƙyaure. In gidan gado ne, kada a biya ko kwabo sai dukan magada sun sa hannu gaban mai unguwa da shaidu.

Na biyun ginin bulo ne mai kyau, ga shi dab da titi, amma kuɗinsa bai kai na kangon ba. Da na duba sai ga jan fenti a jikin bango. Ashe yana cikin hurumin hanyar da aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2010. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye amana a hannun Gwamna, yana kuwa da ikon karɓa domin amfanin jama'a. Diyyar gini da shuka ake biya, ba ta fili ba, kuma galibi wanda aka rubuta sunansa ranar ƙidaya shi ke karɓa. Mai saye daga baya ya yi cinikin biri a sama.

To, mai karatu, gidan da ruwa ya kayar ana iya tayar da shi, amma wanda hukuma ta shafa wa ja, araharsa ba ta ado. Kafin ka taya, fara zuwa ofishin filaye. Allah Ya kiyashe mu da hasara.