Daga Adjamé Zuwa Treichville Da Kumburarren Kunci

Da sanyin safiya na tarar da ƙanen mai masaukina a rumfarsa ta sayar da abincin garba a unguwar Adjamé, hannu ɗaya na juya kifi a cikin mai, ɗayan na dafe da kunci. Mako uku ke nan haƙorin taunarsa na ƙasa ya hana shi barci. Ya cusa kanumfari a ramin, ya sha ƙwayoyin da mata ke bazawa a tire a kasuwar Roxy, har da tramadol.

"Yaya, ni cirewar nake tsoro," in ji shi.

Da kyar na lallashe shi muka hau bas ɗin SOTRA, muka ratsa Plateau, muka haye gada zuwa Treichville. Ko ruwan Ébrié da ke ƙarƙashin gadar bai kalla ba.

A ɗakin likitar haƙori, tambayoyi aka fara yi: yana da hawan jini? Allura ta taɓa ba shi matsala? Me ya sha? Da ya ambaci tramadol, sai ta girgiza kai. Ta shafa masa wani man kashe zafi a dasashi, sannan ta ɗauko siririyar allurar lidokayin, maganin da aka fara haɗawa a Suwidin a 1943. Akwai adirenalin a ciki, wanda ke tsuke jijiyoyin jini don maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayaninta cewa inda ya kumbura ya tara mugunya, allura ba ta kama shi sosai. Wato jinkirin da tsoro ya sa shi yi ne ya kusa jawo masa zafin da yake gudu. Don haka can ƙuryar baki ta soka, kusa da jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Bayan 'yan mintoci ya taɓa leɓensa, ya ce kamar ba nasa ba. Da ta zo cire haƙorin, turawa da girgizawa ya ji, ban da zafi.

Ta rubuta masa farasitamol da ibufurofen, ta hana shi asfirin saboda yana tsinka jini, ta ce kada ya kurkure baki ranar. A bas ɗin komawa, da auduga a cije, barci ya ɗauke shi a kafaɗata tun kafin mu sauka daga gada.