Haɗin da na riƙa ƙulla wa direbobi

Na daɗe ina riƙe da kemis a bakin tasha, kuma yawancin cinikina na direbobi ne, masu tirela da tanka da ke bin hanyar Legas ta Mokwa da Jebba. Dakta suke kirana, ni kuwa ban taɓa hana su ba. Kukansu kusan iri ɗaya ne: wuya ya sage, ƙugu ya riƙe, ga wani zugi a ƙarƙashin allon kafaɗa inda hannu ba ya kaiwa. Amsata ba ta sauyawa, gajiya ce. Sai in ƙulla musu haɗi a leda, diclofenac da ibuprofen da farasitamol, su kora da shayi su hau mota.

Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba, tun zamanin Marsandi 911 mai taurin sitiyari yake jan babbar mota. Ya sha gaya mini cewa abin nasa ya wuce ciwo kawai. "Yaro, hannun nan na dama, in na ɗaga zan ɗaure tamfol sai in ji kafaɗar ta yi ƙas, ta ƙi tafiya." Na ce, "Baba, tsufa ne, ku ƙara biyu da dare." Har yau ina neman gafarar Allah kan wannan magana.

Yaron motarsa ne ya zo ya shaida mini cewa Baba ya yi aman jini a hanya. Asibiti suka ce gyambon ciki ne, da suka tambayi abin da yake sha kuwa, ledata aka miƙa musu. Diclofenac da ibuprofen dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙin kirki, sai dai ya ƙara cin bangon ciki da wahalar da ƙoda. Na san haka a takarda. Ciniki ne ya sa na kau da kai.

Da ya farfaɗo aka tura shi wurin masu gashin ƙashi, na raka shi don kunya ta hana ni zama. Ma'aikacin ya sa ya tuɓe riga, ya ce ya ɗaga hannuwa biyu sama a hankali ya sauke, sannan ya yafito ni in tsaya a bayansa. Allon hagu ya zame lami lafiya. Na dama kuwa gefensa ya ɗago daga haƙarƙari, ya yi tsalle wajen saukowa. Abin da na shekara ina kira gajiya ashe a fili yake, tuɓe riga kawai ake bukata a gan shi.

A nan na fahimci cewa allon kafaɗa ba gaɓa ce ta ɗaure shi da haƙarƙari ba, tsoka ce ke riƙe da shi, har guda 17. Idan mutum ya ɗaga hannu sama gaba ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar allon ne ke yin ta da juyawarsa. In ya ƙi juyawa daidai, jijiyoyin saman kafaɗa ne ke shan matsi. To dubi zaman direba: hannuwa a miƙe gaba, kai ya zurmo, gwiwar hannun hagu a kan taga, na dama kullum yana kai wa giya. Tsokar ƙirji ta ɗaure ta janyo allon gaba, tsokokin da ke riƙe da shi ta baya su yi sanyi, ga jijjigar ramuka daga safe har dare. Wace ƙwaya ce za ta gyara wannan?

Abin da aka ɗora Baba a kai ba shi da tsada. Ya matso da kujera yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe, ya jingina bayansa, ya riƙa jan roba yana haɗe allunan biyu, ya dafa bakin ƙofa ya miƙe ƙirji, ya sauka ya taka in ya yi nisa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Mu nan mai mota sawu yake ƙirgawa, don haka shi ma yana da nasa kason na alhaki, amma wannan bai wanke ni ba. Baba ya koma aiki, zugin ya ragu ƙwarai ko da bai tafi duka ba, an kuma hana shi dangin diclofenac da ibuprofen.

Na daina ƙulla haɗi, na rasa masu ciniki da dama. 'Yan'uwana masu kemis, in direba ya dawo muku sau da yawa da ciwon kafaɗa ɗaya, ku tura shi a duba. In kuma ciwon ya zo da nauyin ƙirji da gumi, yana gangarawa hannun hagu, kada ku ba shi komai ya hau mota, yana iya zama zuciya ce, a wuce da shi asibiti nan take.